Na je Kwatano neman ɓarawon kifina

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A zumuntar mata ana tambaya ta, a bakin famfo ana tambaya ta, ranar nan har a cikin keke wata ta juyo ta ce ba ni ce Maman Ladi da ta je Kwatano ba? Wasu da zuciya ɗaya suke yi. Wasu kuma so suke su ji ko da gaske ne magani na je karɓowa. Gara in faɗi labarin sau ɗaya daga farko, kowa ya ɗauki abin da ya yi masa.

Shekara goma sha huɗu na yi a masaƙa a Kakuri, sashen zare. Da aka rufe na gasa masara, na sayar da gwanjo, daga baya muka koma Kamazou, maigida ya gina mini tankin siminti biyu a bayan gida na fara kiwon tarwaɗa. Zubin farko na zuba 'ya'yan kifi dubu. Bayan wata biyar na kwashe ɗari uku da 'yan kai. Akwai wasu ƙatta kamar goma a ciki waɗanda na yi ta ɗauka hoto ina nuna wa mutane, amma sauran ɗari bakwai ɗin fa? Kifin da ya mutu tasowa yake yi saman ruwa. Nawa ba sa tasowa, ɓacewa suke yi. Zubi na biyu ma haka aka yi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba Ishaya, kuma ba ta wuce ƙirjina ba. Kafinta ne, shekara ashirin muna coci ɗaya, shi ya yi mana ƙofofin gidan nan. Wata Asabar da rana ƙamshin farfesun tarwaɗa ya tsallako daga gidansa. Maigida ya ce in yi haƙuri, na ƙi. Na kai ƙara gaban dattawan coci. Baba Ishaya ya ce a kasuwa matarsa ta sayo. Dattawa suka ce babu shaida, amma don kada zaman ya tashi a banza sai suka yi masa doguwar nasiha a kan sa ido a kayan maƙwabci. Daga ranar muka daina gaisawa.

Da na yi zubi na uku maigida ya ce shi ne na ƙarshe, in aka sake sai ya fasa tankunan ya shuka alayyafo. A lokacin ne Hajiya Rabi ta kawo maganar tafiya. Hajiya 'yar Makera ce, ita take sayen kifina ta yi banda, kuma takan je Kwatano saro atamfa. Ta ce ta san wata mata a can, tana da tafkunan kifi ko katanga babu, kuma ba ta taɓa kukan sata ba.

"Me take yi musu?" na ce.

"Oho. Ke dai ki zo ki gani da idonki."

Ba zan ɓoye ba, a raina na ɗauka wani abu matar take binnewa a gonar. Na ce da kaina ba zan karɓa ba, ni 'yar zumunta ce, amma kallo ai ba zunubi ba ne. Wanda yake sayar mini da abincin kifi kuma ya ce wataƙila ruwana ne ba shi da kyau. Don haka na cika galan da ruwan tanki, na ɗaure bakin da leda, na sa a jaka don matar ta duba.

Da sassafe muka shiga bas a garejin unguwar Television. Kujerar mutum uku mu huɗu a kai, kuma na huɗun Allah ya yi masa jiki. Kafin mu wuce Kakau wani ya miƙe ya yi mana addu'a da Turanci, ya rufe da fito da maganin basir. Hajiya ta saya. Na ce ai ba addu'arku ya yi ba, ta ce basir bai san wannan ba.

Shingayen kan hanya na fara ƙirgawa, bayan Abuja na bari. Kowane shinge da irin kakinsa, wasu ma babu kakin, sai katako mai ƙusa da jar hula. Direbanmu yana da wata gaisuwa da yake yi da hannun hagu ta taga, ba ya ko rage gudu sosai. A wani wuri ya yi ƙorafi, sai mai shingen ya sunkuyo ya ce masa shi ma ba nasa ba ne, oga yana can ƙarƙashin bishiya yana jira, kuma ogan ma akwai wanda yake jiran sa a gari. Direba ya ja mota yana zagi, muka yi ta taya shi. Da muka tsaya cin abinci sai ya ce kowa ya ƙara wani abu a kan kaya saboda hanya ta yi tsada. Mu ba mu da wanda za mu juya wa, sai mai sayar da ruwan leda da Hajiya ta yi wa faɗa a kan canji.

A Lokoja ne aka kewaye motar da soyayyen kifi a faranti. Kowace tarwaɗa na gani sai in ji kamar na san ta. Hajiya ta sayi biyu ta miƙo mini ɗaya, na ci rabi ina fushi.

Mun shiga Ibadan daf da magariba, muka sauka a Sabo gidan wata 'yar'uwar Hajiya. In ba don rufin kwano masu tsatsa da ka hango daga nesa ba, sai ka rantse a Tudun Wada kake: ga mai shayi, ga mai tsire, ga Hausa ko ina. An kawo mana amala, baƙin tuwon nan nasu na doya, da wata koriyar miya mai yauƙi da suka yi ta yabo. Na ɗanɗana na ce wannan ai lalo ne. Matar gidan ta ce a nan sunanta daban, kuma kuɗinta ma daban.

Suna da wata ƙatuwar kyanwa, matar gidan ta ce saboda ɓeraye aka kawo ta. Da gari ya waye na tarar an huda jakata an cinye dambun naman da na yi guzuri, kyanwar kuwa tana kwance a kan jakar tana barci. Na kai ƙara. Matar gidan ta ce tun da wata gafiya ta ciji kyanwar a kunne suka raba aiki, ita ta riƙe kicin, su suka riƙe ɗakin baƙi. Galan ɗina dai babu wanda ya taɓa.

Daga Ibadan muka bi ta Abeokuta zuwa boda. Ni da ban taɓa barin ƙasa ba na ɗauka zan ga wata babbar ƙofa da tuta. Tutar tana nan, amma kafin ka kai gare ta sai ka wuce tebura. Mai tebur na farko ya duba takardata ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Hajiya ta ce masa wahalar hanya ce. Na biyu ya nemi katin rigakafi, na ba shi, ya juya shi gaba da baya kamar yana jin haushin samun sa. Ga 'yan canji suna bin mu, na ba da damin nairata aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba, na tsaya ina jiran saura har Hajiya ta ja ni.

A tebur na ƙarshe wani dogo ya sa na buɗe jaka. Ya ga galan ya tambaye ni da Turancin buroka me ke ciki. Na ce ruwa ne.

"Ruwa daga Kaduna? Babu ruwa a inda za ki?"

"Na kifi ne, ranka ya daɗe."

"Ina kifin?"

"An sace."

Ya kira abokin aikinsa. Ɗaya ya ce fetur ne, ɗaya ya ce ogogoro ne, suka fara maganar ofis da rubuta takarda. Hajiya ta raɗa mini cewa in nemo wani abu a jaka in ba su mu wuce. Kafin in motsa dogon ya kwance ledar ya buɗe murfin ya kai hanci. Ruwan tarwaɗa ne da ya kwana biyu a rufe, ya sha zafin injin mota tun daga Kaduna. Ya ja da baya har ya ture kujera. Wata mai sayar da lemo a gefe ta ɗauke farantinta ta koma gaba. Da hannu ya yi mana alama mu tafi. Hajiya ta ce shekara goma sha biyu tana bin hanyar nan, ranar ce farko da ta wuce teburin nan ba ta buɗe jakar hannunta ba.

Mu nan duk ƙasar muke kira Kwatano, amma inda muka je wani ƙauye ne kusa da Porto-Novo. 'Yan acaɓansu riga iri ɗaya suke sawa da lamba a baya. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, an jera kamar zuma, kuma Hajiya ta ce yawancinsa daga wajenmu ya tsallako, wataƙila ta gaban dogon nan. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, da ƙyar haƙori yake shiga. Da rana tsaka kuma sai ka ga an rufe wasu shaguna an tafi hutawa, mai shago yana ganin ka da kuɗi a hannu ya ce ka dawo anjima. A Kakuri ko gawa aka fitar daga shago sai an bar ƙofa ɗaya a buɗe.

Akwai kalmar da suke yawan faɗa, "dusuma". Na yi tuntuɓe aka ce dusuma, na zubar da ruwa aka ce dusuma, wani ya take mini ƙafa ya ce dusuma. Na tambayi Hajiya, wadda tun a mota take cewa tana jin Faransanci. Ta ce wataƙila sunan da suke kiran baƙi ke nan. Daga baya na gane sannu ce kawai, na kuma gane Faransancin Hajiya daga nawa ne sai rage mini ya ƙare.

Allah ya taimake mu matar da muka je wa tana jin Hausa. Sunanta Madam Onorin, gajeriya ce, ta kai shekara sittin. Mijinta magini ne, sun yi shekara tara a Kakuri lokacin da masaƙu suke aiki, har yanzu tana tuna ƙarar jiniyar tashi daga aiki. Ta kawo mana ruwa a kofi, ta fara kurɓa kafin ta miƙo. Na kalli Hajiya. Madam ta ce haka suke yi wa baƙo don ya san ba a sa masa komai ba. Na ce a wajenmu in ka yi wa baƙo haka zai ce ka ba shi saura.

Ta ba mu ɗaki a gidanta, da gidan sauro da fanka, wutar ma ba ta ɗauke ba har muka tafi. Na yi ta jiran a ɗauke, na kasa sakin jiki.

Washegari ta kai mu gonar. Da gaske babu katanga, sai zaren da aka ja a saman tafkunan ya yi kamar saƙa. Na yi ta leƙen kusurwoyi ko zan ga ƙwarya ko jan ƙyalle, ban ga komai ba. Na miƙa mata galan ɗina da hannu biyu. Ta buɗe daga nesa, ta ce ruwan da ya kwana uku a galan ba ya faɗin komai sai wari, ta juye shi a gindin gwanda. Na ba ta labari duka, da dubun, da ɗari ukun, da katanga, da farfesu. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce:

"Cikin waɗanda kika kwashe, akwai manya sosai?"

"Akwai. Kamar goma. Bari in nuna miki hoto."

Ta karɓi wayar ta duba, ta yi murmushi. "Sau nawa kike ba su abinci?"

"Sau ɗaya. In abinci ya yi tsada nakan tsallake rana. Ranar Lahadi kuma ina coci har yamma."

"Sau nawa kike raba manya da ƙanana?"

"Raba su kuma? Ai tare na sayo su, uwarsu ɗaya."

Ta ɗauki raga ta je wani tanki na 'yan wata guda ta ɗebo. Yawancinsu ba su wuce ɗan yatsana ba, amma akwai ɗaya da ya ninka su sau uku. Ta sa shi a baho da ƙanana goma, ta sa ni na ƙirga da bakina, ta rufe da buhu, ta ce in ɗauki bahon in ajiye inda nake so. Na kai shi ƙarƙashin bencin da za mu zauna, na sa ƙafa a kai.

Muka ci abincin rana a nan, wani farin tuwon masara mai tsami a ganye, kamar agidi, da miyar tumatir da barkono. Madam tana ci tana nuna mana masu cin kifinta. Zaren nan na sama saboda zalɓe ne da wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da yake faɗowa kamar an jefo shi. Kwaɗi suna cin 'yan ƙananan da aka ƙyanƙyashe, maciji yana zuwa don kwaɗin, guza kuma yana cin ƙwan macijin, in ya samu hanya ya haɗa da kifin. Ta ce da ta kashe macizai wata shekara, kwaɗi suka yi yawa har ta rasa 'ya'yan kifi na tanki guda, tun daga nan take barin kowa da abokin gabarsa.

"Amma duk ki haɗa su," ta ce, "ba su kai abin da ke ƙarƙashin ƙafarki ba."

Na ɗage buhun. Takwas na ƙirga. Na sake ƙirgawa, takwas. Babban yana kwance a gefe cikinsa ya kumbura, ga wani abu yana leƙowa daga bakinsa. Madam ta kama shi ta matsa kumatunsa, na ga ɗan'uwansa rabi a ciki rabi a waje.

Na ce nawa ba haka suke ba. Ni nake ba su abinci da hannuna, in na zo har tasowa suke yi. Hajiya ta yi dariya har ta ƙware. Madam ba ta yi ba. Ta ce tarwaɗa ba ta girma daidai, ko uwa ɗaya ta haife su. Cikin kowane zubi wasu kaɗan sukan yi wuf su wuce sauran, kuma duk wanda ya shiga bakinsu abinci ne. Wanda ya ci ɗan'uwansa yau, gobe ya ƙara girma, jibi bakinsa ya isa wanda ya fi na jiya. Yunwa tana ƙara abin, cunkoso ma haka. Ba ya barin ƙashi, ba ya barin gawa.

"Ranar da kike coci har yamma," ta ce, "su ma suna nasu taron."

Ta mayar mini da wayata, hoton yana nan a buɗe, ni ce na rungume wani ƙato da hannu biyu ina dariya. Abin da ya zo mini a rai shi ne Baba Ishaya a tsaye gaban dattawa, hularsa a hannu, yana cewa a kasuwa aka sayo, ni kuma ina cewa wace kasuwa. Na kasa ƙarasa abincin.

Kwana uku muka yi tana koya mini. Tana da bahuna da aka huda gindinsu, kowane da girman raminsa. A zuba kifi a girgiza a cikin ruwa, ƙanana su zube, manya su rage, kowa a kai shi tankin sa'o'insa. Duk mako ake yi tun suna ƙanana. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma a kan lokaci.

Na tambaye ta me take yi da mugayen da ta tsame. Ta kai mu wani tafki na karfasa. Ta ce karfasa haihuwa take yi ba tsayawa, uwar a baki take riƙe ƙwan har su ƙyanƙyashe, in aka bar su sai tafkin ya cika da 'yan mitsi-mitsi, babu mai girma. Sai ta jefa musu tarwaɗa kaɗan daga cikin ƙattan nan, su riƙa rage yawan 'ya'yan, sauran su samu wuri su yi ƙiba.

"Wato wanda aka kama yana cin 'yan'uwansa shi ake ba gadi," in ji Hajiya.

"Ya san aikin," in ji Madam.

Hajiya ta ce ashe tsarin ba a wajenmu kaɗai yake ba.

Ita ma ta samu rabonta a rana ta biyu. Madam ta kai mu bayan kejin kaji ta ɗaga wani murfi, ga tsutsa fari fat tana motsi a cikin kashin kaji. Ta ɗebo da gwangwani ta wanke ta watsa wa kifi, ruwan ya yi kamar yana tafasa. Ta ce kaji suna ciyar da ƙuda, ƙuda suna ba ta tsutsa, tsutsa ta ciyar da kifi, ruwan kifi kuma ya tafi lambu. Hajiya ta rufe hanci da mayafi ta tambaya ko kowa haka yake yi. Madam ta ce ta ɗauka me tarwaɗar kogi take ci, shinkafa? Shekara ashirin Hajiya tana bandar kifi, ranar ta ce a dafa mata ƙwai. Madam ta ce to, amma kajin ma suna samun tsutsar.

Ranar da za mu taho Madam ta ba ni bahuna biyu masu huda, ta ƙi karɓar komai, ta ce in gaishe mata da Kakuri. A boda dogon nan yana nan. Ya ɗago bahon ya ga ramuka, ya buɗe baki zai yi tambaya, sai ya dubi fuskata ya gane ni. Ya ajiye ya ce mu wuce.

Na iso gida ranar Alhamis da yamma. Juma'a da safe na sa maigida ya taya ni rage ruwan tanki. Zubin bai kai wata biyu ba, amma mun tsamo ƙatta bakwai, ɗaya har da wutsiyar wani a baki. Waɗanda suka rage sun fi rabi kaɗan. Maigida ya tsaya yana kallon bakwai ɗin a baho, sannan ya kalli katanga, ya shiga ɗaki. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na yi wanka na ɗaura zani na zagaya ta ƙofar gaba. Baba Ishaya yana fere katako a ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na faɗa masa abin da na gani, na ce na yi masa ƙazafi, ya yafe mini.

Ya ajiye abin aikinsa. "Na ji, Maman Ladi. Amma ba a nan kika faɗi ta farkon ba."

Don haka ranar Lahadi bayan sujada na nemi dattawa su zauna. Na sa mafi girman bakwai ɗin a sabon bahona na roba mai shuɗi, na ɗora a kai har coci, na ajiye a tsakiyar ofis. Na ce ga ɓarawon, na yi bayani tun daga boda har bencin Madam. Dattawa suka kewaye bahon suna leƙe. Wanda ya fi kowa tsawaita nasiha a zaman farko ya ce shi dama tun ranar ransa bai kwanta da zargin ba. Wani ya ce shi ma. Kafin a jima babu wanda bai san tun farko cewa Baba Ishaya mai gaskiya ne ba, ni kaɗai ce ban sani ba. Aka yi mini nasiha a kan harshe, na karɓa, don na ci ta. Aka yi addu'a. Da na sunkuya zan ɗauki bahona sai shugaban zaman ya ce a bar shaidar a nan tukuna, za su ƙara dubawa.

Tare muka taho da Baba Ishaya, yana gaba ni da matarsa muna baya. A hanya ne matarsa ta faɗa mini abin da ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya makullin sito na coci yana hannunsa, inda ake ajiye kujeru da siminti da hatsin godiya. Mako biyu bayan ƙarata aka ce ya kawo makullin za a yi gyara, aka ba wani dattijo, ba a ƙara maganar ba. Bai gaya wa kowa ba. Kullum Asabar da ya saba zuwa share siton sai ya zauna a gida ya ce ƙafa ke damun sa.

Na koma wajen shugaban zaman a ranar. Ya ce maganar tana da kyau, amma wanda yake riƙe da makullin yanzu ya riga ya saba, ba a so a ɓata masa rai, za a duba. Baba Ishaya ya ce in bar shi, shi ya yafe, makulli ba abinci ba ne. Na ce ni na jawo, ba zan bari ba.

Yanzu duk Asabar ina tace kifina, wannan makon ko ɗaya bai ɓace ba. Duk Lahadi kuma bayan sujada ina tsayawa a ƙofar ofis har dattawa su fito in tambaya. Jiya ce Lahadi ta biyar. An ce ana dubawa. Makullin bai dawo ba, bahon ma bai dawo ba.